Ƙanina ya faɗa min abin da malaminsa ya yi masa yana yaro, shugabanni kuma sun ce a bar maganar a cikin gida

Yaya_Babba:

Sallama 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san harkar shari'a ko wanda irin wannan ta taɓa faɗa wa gidansu. Sati uku kenan wlh bana barcin kirki.

Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 31 yanzu. Ya same ni da daddare bayan yara sun kwanta, ya ƙi hawa kujera ya zauna a ƙasa bakin ƙofa kamar baƙo, ya fi minti goma yana juya makulli a hannu bai ce komai ba, can sai ya ce Yaya kin tuna malamin nan da Baba yake kai ni wurinsa? Na ce na tuna mana. Ya ce to shekara biyu ya yi yana lalata da ni, tun ina ɗan 11.

Ni abin da ya fi kashe min jiki, na tuna lokacin sarai. Yaro mai surutu ya koma shiru, ya fara fitsarin kwance da girmansa, in an ce ya tafi karatu sai ya ce cikinsa na ciwo, mu kuma muka ce ƙiriniya ce da ƙin karatu. Ni da kaina na sha kama hannunsa na ja shi har ƙofar ɗakin mutumin nan ina masa faɗa a hanya. Da hannuna fa. Daga baya aka wayi gari an ɗauke malamin an kai shi wani wuri, aka ce mana ƙarin girma ya samu, har walimar bankwana aka yi masa.

Ba zan faɗi addini ko wuri ba don kar maganar ta koma faɗan addini, ba shi ya kawo ni ba. Abin da ake ciki yanzu shi ne, ƙanin nawa da kawunmu sun je sun samu shugabannin wurin ibadar. Sun karɓe su hannu bibbiyu, suka ce za a kafa kwamiti, a yi haƙuri, a rufa wa juna asiri. Bayan kwana goma sai suka aiko da wata takarda wai za su ba shi kuɗi ya nemi magani amma ya sa hannu cewa ba zai je kotu ba kuma ba zai sake tada maganar da kowa ba. Kuma a zaman farko wani dattijo cikinsu ya yi suɓutar baki ya ce "ai ba yau aka fara kawo ƙararsa ba", sai na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa ya yi shiru. Mutumin nan har yau yana nan yana koyar da yara a inda aka mayar da shi.

To tambayata, bayan shekara 20 za a iya kai ƙara kuwa? Ba mu da wata shaida sai bakinsa. Su shugabannin da suka sani suka sauya masa wuri kawai, doka za ta iya taɓa su? Takardar nan ya sa hannu ko kar ya sa? Kuma gsky ba mu da kuɗin ɗaukar babban lauya.

Magatakarda:

Yaya sannu, Allah ya ba ku juriya. Na yi shekaru ina aiki tare da lauyoyi masu tsaya wa irin ƙaninki, bari in fara da wadda ta fi gaggawa. Takardar nan kar ya sa hannu, ko da sun ce gobe tayin zai ƙare. Ku ɗauki hotonta ku adana asalin in tana hannunku, domin ita kanta tana iya zama hujja, wanda bai san da laifi ba ba ya biyan kuɗi don a yi shiru. Ki sani ko bishop-bishop na Katolika a Amurka, a taron da suka yi a Dalas a 2002, sun amince su daina ƙulla yarjejeniyar rufe baki sai fa in wanda aka cuta ne da kansa ya nema, saboda an gano da irin waɗannan takardu aka yi shekaru ana binne maganganu.

Hanya biyu ce a shari'a kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai shari'ar laifi, wadda ake kai rahoto ga 'yan sanda, su bincika, lauyan gwamnati ya gurfanar da mutumin, a nan ba ku ne za ku biya lauya ba, ƙaninki mai ba da shaida ne. Sai kuma ƙarar neman diyya, wadda shi da lauyansa za su shigar, kuma a nan ne aka fi samun damar jawo ita cibiyar kanta ba mutum ɗaya ba.

Maganar shekara 20, tunda ba ki faɗi ƙasa ba sai lauyan inda kuke ya duba muku wa'adin shigar da ƙara, amma kar wani ya karya muku gwiwa da "ai lokaci ya wuce" tun ba a duba ba. A Ingila manyan laifuka irin wannan ba su da wa'adi sam, ana ɗaure tsofaffi a kan abin da suka yi shekara 40 baya. A Ostareliya wata hukumar bincike ta ƙasa ta yi aiki daga 2013 zuwa 2017, ta zauna ido da ido da mutum kusan 8,000, ta gano cewa a matsakaicin lissafi sai bayan kusan shekara 24 mutum yake iya buɗe baki ya faɗa wa wani, daga nan jihohinsu suka cire wa'adin neman diyya gaba ɗaya. Jihar Niyok a Amurka ta buɗe ƙofa a 2019 har zuwa Agustan 2021 don tsofaffin ƙararraki, aka shigar da fiye da 10,000. Kin ga ƙaninki da ya yi magana bayan shekara 20 bai makara ba, ya ma riga da yawa.

Shaida kuma, bakinsa shaida ce a kotu, irin wannan laifi ai ba a gaban mutane ake yinsa ba kuma alƙalai sun san da haka. Abin da zai taimaka shi ne ya zauna ya rubuta duk abin da ya tuna da hannunsa ya sa kwanan wata, yadda ɗakin yake, wace ƙofa ake shiga, wane lokaci na rana, me mutumin yake ce masa, wa yake gani a waje in ya fito, in akwai abin da bai tuna ba ya bar shi a haka kar ya cike da zato. Ke ma ki rubuta naki daban ba tare da kun haɗa kai ba, fitsarin kwancen da ciwon cikin da shekarar da aka ɗauke malamin. Kawu ma ya rubuta maganar dattijon nan kalma da kalma, da ranar, da sunan duk wanda yake zaune a wurin. Wannan jimla ɗaya tana iya zama ginshiƙin ƙarar baki ɗaya, don ita ke nuna sun sani. Kuma ina roƙonku kar ku saka sunansa a Facebook ko WhatsApp yanzu, sai ya juya ya maka ku a kotu kan ɓata suna, kuma kun ba su lokacin ɓatar da fayil.

Su shugabanni ana iya kama su ta ƙofar sakaci, wato an kawo musu ƙara suka ƙi ɗaukar mataki har aka cuci wani yaron. Akwai kuma ƙa'idar cewa cibiya tana ɗaukar alhakin wanda ta ɗora a kan yara, kotun ƙolin Birtaniya ta tabbatar da haka a 2012 a kan wata ƙungiyar addini da mambobinta ke koyarwa a makarantar kwana ta yara maza, duk da ƙungiyar ta ce ba ma'aikatanta ba ne a takarda. Amma ba zan ɓoye miki ba suna da dabaru. A Ostareliya a 2007 wani lauya John Ellis da aka ci zarafinsa yana yaro ya sha kaye saboda kotu ta ce cocin Katolika ba wani abu ba ne guda da za a iya kai ƙara, dukiyar kuma tana hannun amintattu daban, sai da aka sauya doka daga baya. A Amurka kuma rassan cocin da dama sun garzaya kotu sun ce sun karye, reshen birnin Potland ne ya fara a 2004, hakan yana tsayar da ƙararraki ya ja lokaci. Duk da haka ana biya, reshen Los Anjalis ya amince da dala miliyan 660 a 2007, sannan dala miliyan 880 a 2024 ga mutum 1,353.

Kuɗin lauya kar ya tsayar da ku. Ku nemi ofishin lauyoyin agaji na gwamnati, ko ƙungiyoyin lauyoyi mata, ko masu kare haƙƙin yara, wasu jami'o'i ma sashen koyar da shari'a yana da ofishin taimako kyauta. A wasu ƙasashe lauya yana karɓar aikin ba ko sisi sai an ci ƙara ya ɗauki kaso, in haka ne a rubuta kason ƙarara tun farko. Wanda dai ba za ku karɓa ba shi ne lauyan da shugabannin suka ce za su haɗa ku da shi.

Dattijon_Arziki:

'Yata Allah ya sanyaya muku, abin da ciwo ƙwarai. Amma ina so ku yi tunani kafin ku kai ga kotu. Da zarar magana ta fita ba ta komawa, jaridu za su ɗauka, maƙiya addini su samu abin faɗa, a shafa wa malamai nagari dubu baƙin fenti saboda mutum ɗaya. Shi kansa yaron za a riƙa nuna shi da yatsa, ga maganar aure da iyali. Kuma mun sha ganin an yi wa bayin Allah ƙazafi. Ban ce ƙaninki ƙarya yake ba, Allah ya kiyaye, amma tunda shugabanni sun ce za su kafa kwamiti me zai hana a ba su dama su gama? Rufin asiri ai abu ne mai kyau, wanda ya rufa wa wani shi ma za a rufa masa.

Malamar_Aji:

Baba da girmanka, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma a gafarce ni ba zan iya shiru ba. Rufin asirin da muka sani na laifin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa ne ya tuba ya bari. Wannan kuwa mutum ne da aka kawo ƙararsa fiye da sau ɗaya kuma gobe da safe akwai yaran da iyayensu za su kai masa. Asirin wa ake rufawa a nan? Na yaron dai ba a rufa ba, shekara 20 yana ɗauke da shi shi kaɗai.

Wannan "a ba kwamiti dama" an gwada shi a wurare da yawa kuma sakamakon kusan iri ɗaya ne. A birnin Boston na Amurka an yi wani limamin Katolika John Geoghan, shekara kusan 30 duk inda iyaye suka yi ƙorafi sai a ɗauke shi a kai shi wata majami'a ba tare da an faɗa wa mutanen can komai ba, mutum fiye da 130 suka zarge shi. Ba kwamitin cikin gida ne ya tsayar da abin ba, jaridar Boston Globe ce ta tono a Janairun 2002 kuma kotu ta tilasta aka buɗe fayilolin da aka ɓoye, sai ga wasiƙu da ke nuna manya sun sani, kafin shekarar ta ƙare shugaban cocin Katolika na Boston, Kadinal Bernard Law, ya sauka daga muƙaminsa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na John Smyth a Ingila, babban lauya ne mai wa'azi a sansanonin matasa, yana azabtar da yara maza yana cin zarafinsu. Tun 1982 wasu malaman cocin suka rubuta rahoto na cikin gida suka san komai dalla-dalla, amma suka ɓoye don kar sunan aikin Allah ya ɓaci. Me ya biyo baya? A 1984 ya koma Zimbabuwe ya buɗe sabbin sansanoni ya ci gaba da yaran can, daga baya ya wuce Afirka ta Kudu, ya mutu a 2018 bai taɓa fuskantar hukunci a Ingila ba. Yara da samari fiye da 100. Da rahoton bincike ya fito a Nuwamban 2024 sai da Akbishop na Kantabari Justin Welby, babban limamin Cocin Ingila a lokacin, ya yi murabus. To Baba ka ga sunan da aka so karewa a 1982 ya ɓaci ninki goma, sannan ga yaran wata nahiya da ba su ji ba ba su gani ba an tura musu shi. Sauya wa mutum wuri ba hukunci ba ne, ba kura ajiyar nama ne a sabon gida.

Kuma kar wani ya karanta wannan ya ce ai matsalar coci ce. Na ambaci waɗannan ne saboda su aka bincika aka rubuta. Hukumar bincike ta Ingila da Wels ta fitar da rahoto a 2021 bayan ta duba ƙungiyoyin addini 38, akwai na Kirista da Musulmi da Yahudawa da Hindu da Sikh da Buda, kuma abubuwan da ta gani suna maimaita kansu, ɗora wa yaro laifi, tsoron abin kunya, fifita sunan cibiya, da nacewa a kan sai an warware komai a cikin gida. Duk inda aka ba mutum ɗaya girman da ba a iya tambayarsa, aka bar shi da yara a bayan ƙofa, aka koya wa yaran cewa musa masa saɓon Allah ne, to an shirya wa mugu wuri. A Faransa hukumar da cocin Katolika da kanta ta kafa ta ƙiyasta yara 216,000 tun daga 1950 da aka ci zarafinsu a hannun limaman coci da masu hidimar addini, wannan ba aikin maƙiya ba ne, su suka nemi a bincika.

Maganar ƙazafi kuwa, ai shi ya sa ake son 'yan sanda da kotu, can ne ake tantance gaskiya da ƙarya kuma wanda ake zargi yana da lauyansa. Kwamitin da abokan aikinsa da waɗanda suka sauya masa wuri za su zauna a ciki, ta yaya za su binciki kansu? Malamai nagari da kake jin tsoron a shafa musu, babu abin da zai wanke su kamar a ga su ne suka fara miƙa shi.

Na_Tsira:

Yaya ni abin ya faru da ni, ina ɗan 9, kuma sai da na kai 38 na faɗa wa matata. Duk abin da aka faɗa a sama na doka daidai ne amma ina so in ja hankalinki a kan ƙanin naki shi kansa.

Kar ku ƙwace maganar daga hannunsa. Abin da aka yi mana tun farko shi ne an ƙwace mana iko da jikinmu, in 'yan uwa suka taso da zafi suna ta kai da kawo ana yanke shawara a bayansa, sai ya ji kamar an sake. Ki tambaye shi me yake so, ki gaya masa hanyoyin da ake da su, ki bar shi ya zaɓa da saurin da zai iya. Abu ɗaya da zan ce ba ya jira shi ne yaran da ke hannun mutumin yanzu, wannan ki zauna da shi ku yi maganarsa a fili, a wurare da yawa ana iya sanar da hukumar kare yara cewa akwai haɗari ba tare da an bayyana sunan wanda ya kawo labarin ga jama'a ba. Ni abin da ya sa na iya shiga ofishin 'yan sanda kenan, ba don kaina ba, na ga ɗana ya kai shekara 9 ne na kasa haɗiye abinci.

Ki shirya masa zuciya kuma, ba da bayani yana da wuya. Na yi awa huɗu a ɗaki ana tambayata abubuwan da ban taɓa furtawa da bakina ba, na fito ina rawar sanyi da rana tsaka, na yi kwana uku ban je aiki ba. Ya tafi da wanda ya yarda da shi ya jira shi a waje, ya nemi jami'in da aka horar a kan irin wannan in akwai. Kuma ya samu likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara tun kafin a fara, wanda ba shi da alaƙa da wurin ibadar. Ki sa ido a kansa sosai a watannin nan, in kika ji yana maganar ya gaji da rayuwa kar ki ɗauka wasa, ku je asibiti a ranar.

Don Allah a daina ce masa ya yafe. Ni kalmar nan ta fi komai ƙona min rai saboda kullum daga bakin waɗanda ba su taɓa ce wa mutumin ya nemi gafara ba take fitowa. In zai yafe shi zai kai kansa can. Haka in kin ga ya ja baya da wurin ibada kar ki matsa masa, ni na yi shekaru in na ji ƙamshin wani turare sai zuciyata ta tashi, a hankali na dawo.

Batun jan hannunsa da kika yi, ke ma yarinya ce a lokacin kuma an yaudare ku ne gaba ɗaya har da Baba. In kina son ki ba shi haƙuri ki ba shi sau ɗaya, amma kar ki yi ta kuka a gabansa har ya koma shi ke rarrashinki. Abin da na fi buƙata a ranar da na faɗa shi ne a ce min na yarda da kai, kuma ba laifinka ba ne.

Yaya_Babba:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, har da kai Baba na san ba da mugun nufi ka faɗa ba. Na_Tsira na karanta naka sau uku. Jiya na je wurinsa na faɗa masa kalmomin nan biyu kamar yadda ka ce, bai ce komai ba amma ya tashi daga ƙasa ya zauna kusa da ni.

Bai sa hannu ba. Takardar tana wurina na ɗauki hotonta na tura wa kaina ta imel. Kawu da farko ya ƙi rubuta maganar dattijon wai abokinsa ne tun ƙuruciya, sai da Mama ta kira shi da kanta, yanzu ya rubuta ya sa hannu. Ƙanina ya ce ba zai iya zuwa wurin 'yan sanda a satin nan ba amma ya yarda mu ga lauya, mun samu wata a ofishin agaji ta ba mu ranar Talata, kuma ya amince in kira hukumar kare yara gobe da safe a kan inda mutumin yake yanzu.

Magatakarda ƙarin tambaya ɗaya don Allah. Ya ce min akwai wani yaro da suke zuwa tare a lokacin, yana yawan ganinsa yana fitowa daga ɗakin idonsa jawur, kuma yana da lambarsa har yanzu. Ya kira shi ne ko mu bar wa lauya?

Magatakarda:

Ku bar wa lauya da masu bincike Yaya. In suka yi magana su biyu kafin kowa ya ba da bayaninsa, lauyan wancan ɓangaren zai ce sun haɗa baki ne, kuma shi wancan bawan Allah wataƙila bai taɓa faɗa wa kowa ba, kiran waya kwatsam zai iya rikita shi. Ya rubuta sunan da lambar a cikin bayaninsa ya miƙa wa lauyar ranar Talata, ku tafi da asalin takardar da rubutun Kawu, kowanne ku yi masa kwafi biyu ku bar ɗaya a gida.